Littafi Na Goma Sha Biyu

Littafi goma sha ɗaya Baba Ashafa ya sa na karanta a cikin shekara bakwai, kuma babu ko ɗaya da ya ambaci sunan ubana.

Sunana Shu'aibu. Inji nake tuƙawa a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, buta da bokiti muke bugawa. Karatuna bai wuce sakandare ba, Turancina ma na lallaɓa ne. Amma yau ka tashe ni daga barci ka tambaye ni kogunan Laberiya, zan jero maka su kamar unguwannin Kumbotso. Duk aikin wannan tsohon ne.

Ubana, Kofur Lawan, ya tafi Laberiya da sojojin kiyaye zaman lafiya ina ciki wata huɗu. Bai dawo ba. Takardar da aka kawo wa mahaifiyata ba ta ce ya mutu ba, cewa ta yi ya ɓace. A kan wannan kalma guda Inna ta zauna shekara talatin da uku. Mutanen Panshekara Uwani suke ce mata, kuma babu malamin da bai gaya mata cewa shari'a ta ba ta dama ta yi takaba ta yi aure ba. Amsarta ɗaya ce, abin da ya ɓace ana iya tsintarsa. Kullum da safe sai ta saka kwalli, ta maƙala 'yan kunnen da ya saya mata kafin ya tafi, har ruwan gwal ɗinsu ya koɗe ya bar farin ƙarfe.

Baba Ashafa kuwa tare suka tafi da ubana, rukuninsu ɗaya, shi yana Saje. Shi ya dawo. Da ya ajiye kaki sai ya kama gadi a wani kamfanin takarda a Challawa, inda ake niƙa tsohuwar takarda a yi kwalin ƙwai da tishu. Duk Sallah sai ya aiko mana da nama, amma bai taɓa taka zaurenmu ba. In ya hango Inna a hanya, sai ya tuna yana da uzuri a wani layin. Mutum ne mai karatu. Duk motar tsohuwar takarda da za ta shiga kamfanin sai ya leƙa bayanta, in ya ga littafin yaƙi ya zare. Ƙasan bencinsa na ɗakin gadi ya fi shagon littattafai na Sabon Gari kaya.

Ranar da na fara samunsa ina da shekara ashirin da shida. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baba, ku ne kuka ga ƙarshensa. Yaya aka yi?"

Ya kau da kai wajen titi. Sannan ya yago takardar izinin shiga guda, ya juya bayanta, ya rubuta lamba ɗaya da sunan wani littafi da manyan baƙaƙe karkatattu.

"Ba za ka gane ba sai ka san ƙasar," in ji shi. "Karanta wannan, ka dawo."

Na karanta, da ƙamus a gefe, wata biyar. Na dawo. Ya ba ni na biyu.

Na karanta na wani janar da ya cika shafi ɗari huɗu yana yabon kansa, in ka bi tasa shi kaɗai ya yi yaƙin, sauran rakiya suka je. Na karanta na wani Bature ɗan jarida wanda ya fi damuwa da zazzaɓinsa a kan mutanen da ke mutuwa a gabansa. Akwai na wata ma'aikaciyar jinya, wannan kam ya hana ni cin abinci kwana biyu. Da na Laberiya suka ƙare masa, sai ya koma ba ni na yaƙin basasa, har da na yaƙin Bama na zamanin kakanni, wai don in san yadda tsoro yake sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba. Duk littafin da na buɗe, bayansa nake fara dubawa, wurin jerin sunaye, in bi da yatsa. Janar-janar ne da kanar-kanar. Kofur ba ya shiga littafi.

A na goma sha ɗaya haƙurina ya ƙare. Na dangwara masa shi a kan benci.

"Baba, ni ba jarrabawa zan rubuta ba. Tsohuwa ce a gida take saka kwalli saboda wanda ba mu san yana raye ko ya mutu ba. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba."

"Saura kaɗan," ya ce, bai ɗago ba.

"Kaɗan ɗin nan ku riƙe abinku."

Na tafi, wata huɗu ban sake bi ta ƙofar ba. Na ji haushinsa har cikin raina, kuma ban yi nadama ba sai ranar wata Alhamis.

Muna hutun azahar wayata ta yi ƙara. Sumayya ce, 'yar Baba Ashafa. Ta ce tun Litinin ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi. Ta ce tun safe yake nuna aljihun rigarsa ta aiki, da ta duba sai ta ga takarda da sunana.

Ban nemi izinin kowa ba, na bar injin a hannun abokin aikina na hau babur.

Na same shi a gadon asibiti, bakinsa ya karkace, ido kawai ke aiki. Sumayya ta miƙo min takardar. Irin ta kullum ce, ta izinin shiga. A bayanta an rubuta: *12. Mai jan bango. Ƙasan benci, cikin leda. Ka karanta kai kaɗai.* Babu sunan marubuci.

"Ina kayansa na ɗakin gadi?" na tambaye ta.

"Jiya aka kawo mana. Darduma, buta, tocila da rediyo."

"Littattafan fa?"

"Sun ce takarda ba ta fita daga kamfanin, shiga kawai take yi. An zuba su cikin tulin da za a niƙa."

Baba Ashafa ya ji. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya tura ni wajen ƙofa. Ƙarfin da ya rage masa ke nan, kuma a kaina ya ƙarar da shi.

Uku da kwata na bar asibitin. Duk wanda ya san hanyar Challawa ya san ba a yi mata alƙawari. Wata tirela ta lalace daidai kwana, motocin fatu da na siminti suka jeru kamar raƙuma, 'yan adaidaita sahu suka cusa kai ta ko'ina suka toshe ɗan abin da ya rage. Na bi ta gefen kwata, na bi ta gaban masu shayi, wata mai awara ta zage ni har iyaye, ban tsaya ba ta haƙuri ba. A raina ina ta lissafin injin nan nasu. Baba ya taɓa nuna min shi. Tukunya suke ce masa, rami ne na ƙarfe mai wuƙaƙe a ƙasa, buhu guda na takarda ba ya minti biyar a ciki ya zama kunu.

A ƙofar kamfanin na tarar da sabon maigadi, wani dogo mai baƙin tabarau, bai san ni ba kuma ba ya son sani.

"Babu shiga sai da takarda."

"Ɗan'uwana, littafi kawai zan ɗauko. Na tsohon da ka gada."

"Ko na gwamna ne. Takarda."

Na ji kamar in kai masa naushi. Na zaro 'yar takardar Baba don in nuna masa rubutun, sai ya karɓa ya juya gabanta. Ashe a cike take. Sunana, dalilin zuwa, sa hannun Saje Ashafa, har da hatimi. Kwanan wata kawai aka bari fili. Tawadar ta soma koɗewa, alamar ta daɗe a aljihu. Dogon ya juya ta sau biyu yana neman aibu, bai samu ba, ya cike kwanan watan da kansa ya buɗe min ƙaramar ƙofa.

A babbar rumfar tsince na tarar da mata sun kai ashirin zaune a kan tulin takarda, kowacce da ƙyalle a hanci, suna ware leda da ƙarfe. Ƙarar inji ta cika wurin. Aka nuna min shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Aina'u. Sai da na sunkuya daidai kunnenta.

"Hajiya, littattafan Baba maigadi nake nema."

"Allah sarki, Saje. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Littattafan, Hajiya."

Ta nuna tukunyar da haɓa. "Da safe suka shiga."

Na matsa bakin ramin na leƙa. Ruwan toka-toka ne yake juyawa. Can a gefe, inda ake tsame abin da ya ƙi niƙuwa, na hango wani bango mai hoton tankar yaƙi. Na bakwai ne, na janar ɗin. Na dafa ƙarfen bakin ramin. Shekara bakwai tsoho yana ja min rai, ni kuma na ƙara wata huɗu na fushi a kai, ga inda abin ya ƙare, a kwalin ƙwai.

Aina'u ta biyo ni. "Wani na musamman kake nema?"

"Mai jan bango. A leda yake. Ina jin rubutun hannu ne."

"Boko ko na allo?"

"Me ya bambanta?"

"Kai ɗan nan. In boko ne ya tafi. In rubutun Larabci ne ba ma sakawa. Da hannunmu za mu yi takardar shiga bayi da sunan Allah? Duk wadda ta gani warewa take yi, mu tara a buhu."

Sai a lokacin na tuna. Sunayen littattafai kawai Baba yake rubuta min da boko, da ƙyar, kamar mai sassaƙa. Amma a gefen shafukan littattafansa, 'yan ƙananan rubutun da yake yi wa kansa duk na ajami ne.

"Ina buhun?"

"Malam Ado ya ɗauka. Duk Alhamis bayan la'asar yake ƙonawa a bayan masallaci, ya binne tokar." Ta kalli hasken da ke shigowa ta rufin kwano. "An ma idar da sallah."

Ban san ko na yi mata godiya ba.

Hayaƙin na fara gani. A bayan ɗan masallacin ma'aikata akwai rabin durom a kan duwatsu, wuta na ci a ciki. Malam Ado, tsoho ne siriri, shi ke kula da tukunyar tururi kuma shi ke jan sallah, yana tsaye yana saka takardu kaɗan-kaɗan, kowane damƙi da bisimillarsa. Yagaggun shafukan Alƙur'ani, littattafan 'yan Islamiyya, kalanda, katin ɗaurin aure. Buhu biyu ne. Ɗaya ya riga ya zama fanko.

Na yi sallama a guje na kai hannu kan buhu na biyu.

"Tsaya. Kana da alwala?"

"Malam, littafi ne a ciki ba na addini ba, kuskure aka yi."

"Na ji. Amma akwai Alƙur'ani a ciki. Kana da alwala?"

Ba ni da ita. Ko azahar ban yi ba.

"To ku dakata da sakawa, don Allah, minti ɗaya."

"Minti ashirin manaja ya ba ni, wuta kuma ba ta jira. Ga buta nan."

Ban taɓa alwala irin wannan ba, Allah ya yafe min, idona na kan hannunsa ina wanke nawa. Ya saka damƙi ɗaya. Ya saka na biyu. Ina shafar kai na ga ya zaro wani abu a cikin baƙar leda, ya zare ledar, ya buɗe shafin farko, ya gyaɗa kai, ya ɗora shi a kan wutar. Bangonsa ja ne.

Ƙafata ɗaya a wanke ɗaya a bushe na isa durom ɗin. Na zura hannu na fizgo shi, na danna shi a ƙirjina har wutar gefen ta mutu. Ban ji zafin ba sai daga baya.

"Kana da hankali kuwa?" in ji Malam Ado. "Wuridin wani bawan Allah ne, da bisimilla ya fara."

Na buɗe. Gefen shafukan ya babbake, amma rubutun na nan. Na kafa masa ido. Bisimillar na karanta, daga nan na tsaya cak. Ina karanta Alƙur'ani daidai gwargwado, amma wannan ƙanana ne, a cunkushe, babu wasali, hannun wanda yake rubuta wa kansa. Na ci littafi goma sha ɗaya na Turanci da ƙamus, ga Hausar uwata a gabana ta gagare ni. Kunya ta kama ni, da takaici.

Baba ya ce in karanta ni kaɗai. Na duba hagu da dama, babu kowa sai mu biyu da wuta. Na miƙa wa Malam Ado.

"Ku karanta min layi na biyu."

Ya gyara tabarau. Leɓɓansa suka motsa, sannan ya ɗago ya dube ni. "Ni Ashafa, Saje. Wannan na ɗan Lawan ne." Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya yi ta juyawa. "Abu ɗaya ne ake ta farawa ana sokewa. Ga kwanan wata nan a kan kowanne, wani ya fi shekara ashirin. Na ƙarshen ne kawai ya kai ƙarshe. Kai ne ɗan Lawan ɗin?"

"Ni ne."

Ya zauna a kan dutse. Wutar da ba ta jira ya bar ta tana ci ita kaɗai. Ya karanta a hankali, yana tsayawa inda rubutun ya cakuɗe.

"Muna cikin gonar roba, kwana na tara. Kwana biyu kafin nan 'yan tawaye sun shigo mana sanye da kakinmu, sun kashe mutum uku. Aka ce duk wanda aka tambaya bai faɗi kalmar sirri ta ranar ba, a harbe. Ni ke gadi da asuba. Hazo ya rufe, ba ka ganin bakin bindigarka. Na ji tafiya daga wajen rafi. Na ce wane ne. Shiru. Na sake cewa wane ne. Sai aka yi gyaran murya sau biyu. Na tambaya na uku, aka sake gyaran murya. Na harba.

"Da na je, Lawan ne. Buta a hannun hagu, carbi a hannun dama. Bai gaya wa kowa zai je rafi ba. Na san shi shekara shida, na san halinsa, amma a wannan lokacin ban tuna ba."

Malam Ado ya tsaya. "Mahaifinka ɗan ɗariƙa ne?"

"Ban sani ba."

"Mai lazimi ba ya magana sai ya idar. In aka kira shi, gyaran murya yake yi, don a san yana nan." Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ci gaba.

"Ƙarar bindigata ta sa kowa ya buɗe wuta, aka ɗauka hari ne. A cikin ruɗanin na ja shi gindin wata bishiya. Na yi masa wanka da ruwan butarsa, iya inda ya kai. Na haƙa, na yi masa sallah ni kaɗai, na fuskantar da shi gabas. Da hantsi aka ce mu janye. Da aka kira suna aka zo kansa, na yi shiru. Aka rubuta ya ɓace. Ka gaya wa Uwani ya rasu ranar Laraba, da alwalarsa, da sunan Allah a bakinsa. Ban nemi ta yafe min ba. Na harbi mutum ɗaya, na tsare ɗaya shekara talatin."

Iyakarsa ke nan. Tururi na ta huci a bayanmu. Na so in koma asibitin nan in shaƙe tsohon da hannuna, kuma na so in je in riƙe masa hannun da ya rage. Duka biyun gaskiya ne, kuma har yau ban raba su ba.

Malam Ado ya rufe littafin ya ba ni da hannu biyu. "Ka gaya wa mahaifiyarka, a wurin malamai idda daga ranar rasuwa take farawa. Takabarta ta wuce tuntuni, babu komai a kanta. Ka je a duba maka hannun nan."

Ban je an duba ba. Na isa Panshekara rana ta yi ja. Inna na tsakar gida a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta kalli rigata da ta ƙone a ƙirji, ta kalli littafin, ta ajiye faifan.

Na zauna a gabanta na faɗa mata. Na yi niyyar in ɓoye wanda ya yi harbin, amma na ga an ɓoye mata abin da ya isa. Ba ta katse ni ba har na zo wurin tambayar wane ne.

"Bai amsa ba," ta ce. Ba tambaya take yi ba.

"Bai amsa ba."

"Sau biyu ya yi gyaran murya."

"Sau biyu, Inna."

Sai ta kwaikwayi gyaran muryar, can ƙasan maƙogwaro, gajere, biyu a jere. Karo na farko ke nan da na ji wani abu mai kama da muryar ubana.

"Haka yake," ta ce. "Ko gobara ce ta tashi, sai ya idar. Na sha yi masa faɗa a kai." Ta ɗago ta dube ni. "An yi masa sallah?"

"Baba Ashafa ya yi masa."

"Shi ya sa ba ya iya kallona."

Ta kai hannu kunnen dama ta kwance ɗan kunnen, sannan na hagu. Maƙallin ya yi tsatsa, sai da ta ja. Ta kamo hannuna, wanda bai ƙone ba, ta zuba min su a tafi ta rufe yatsuna a kai.

"Inna, malam ya ce takabar ta wuce. Ya ce babu komai a kanku."

"A littafi ne ta wuce, Shu'aibu."

Ta miƙe ta ɗauki buta, ta tsuguna a bakin rariya, ta fara wanke kwallin idonta.